PDF na ƙananan masu wallafa ko bugaggen kwafi: amsa ga Malama mai ƙararrawa 25

Malama sannu da ƙoƙari da yaran nan. Kan tambayarki ta ko ki sayi takardun waƙar ƙararrawar hannu a PDF wurin ƙananan masu wallafa ko ki yi odar bugaggu daga manyan kamfanoni, ni dai ba zan ja ki da nisa ba, PDF za ki ɗauka. Kuma ba a bakin wani na ji ba, duka biyun na zuba kuɗina a ciki, ɗayan har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Bari in fara da wanda ya ƙona ni. Shekarar da aka damƙa mini akwatunan ƙararrawar cocinmu, irin naku ne sak guda 25, zumuɗi ya ɗebe ni na ce lallai sai mun yi wani abu a Kirsimeti, na shiga intanet a watan Oktoba na zaɓi waƙoƙi uku da na ji sautinsu ya yi mini daɗi, na yi odar kwafi takwas takwas domin bugagge ba a yarda ka sayi ɗaya ka kai fotokwafi ba, kowane kwafi kuɗinsa daban, lokacin ya ɗan haura dala 5, ki lissafa da kanki sau 24 sannan ki ɗora kuɗin aikowa wanda ya kusa kamo kuɗin takardun. Kaya ba su iso ba sai ƙarshen Janairu, an ci Kirsimeti an share wuri. Wannan ma da sauƙi. Da na buɗe ambulan sai na ga biyu daga cikin ukun an rubuta 3-5 a saman bango, wato oktef uku zuwa biyar (oktef shi ne daga do zuwa do na gaba), mu kuwa oktef biyu gare mu. Laifina ne fa, ba na kowa ba, ban san ana duba wannan ba. Suna nan a kabad har yanzu, gara ma ta ɗanɗana gefen guda.

To tunda na ambata bari in tsaya a nan kaɗan domin shi ne ainihin abin da zai cece ki ko wanne kika saya. Saitin ƙararrawa 25 oktef biyu ne, daga G4 zuwa G6, harafin sunan nota ne lambar kuma ta oktef ɗin da take ciki. Na oktef uku 37 ne, C4 zuwa C7, na huɗu 49, na biyar 61. A shafin farko na kowace takarda, sama da inda waƙar ta fara, akwai wani ɗan layin nota da aka jera duk ƙararrawar da waƙar take buƙata, shi za ki fara dubawa kafin ma ki saurari waƙar, in kika ga ya sauka ƙasa da G4 ba tare da an sa su a baka a matsayin na ganin dama ba to ba taku ba ce, ki wuce ko da daɗinta ya kai zuma. Wadda aka rubuta 2 ko 2-3 ita ce taku. Sannan ki sani ƙararrawa tana fita da oktef ɗaya sama da yadda aka rubuta, C ɗin tsakiya na piyano da kike gani a takarda, ƙararrawar da aka buga wa C5 a hannunta ce za ta kaɗa shi, wannan ya rikita ni kusan wata guda ina ta cewa an yi kuskuren bugu.

Yanzu ga dalilin da ya sa nake son ƙananan. Manyan kamfanonin Amurka yawancin kasuwarsu cocin da ke da oktef uku zuwa biyar ne da mutum 11 ko fiye a bayan tebur, to dole abin da za su fi bugawa ke nan. Ƙananan kuwa, galibi mutum ɗaya ne ko miji da mata, shi ya tsara waƙar shi ya sa a shafinsa shi ke amsa imel, ba ya biyan kuɗin bugu balle ya ji tsoron kaya su kwanta masa, saboda haka yana iya zama ya rubuta wa ƙararrawa 8 ko 12 ko 16. Misali ki duba Choraegus, suna jihar Michigan, an san su da waƙoƙin ƙararrawa takwas, kuma akwai wasu irinsu da dama in kika bincika. Waƙar ƙararrawa takwas mutum huɗu sun ishe ta, kowa biyu, ba tebur ba soson da ake shimfiɗawa a kai, a tsaye kawai. Ke da kika san yadda yara suke, yau wannan zazzaɓi gobe wancan an aike shi kasuwa, kin san darajar waƙar da mutum huɗu za su iya tayarwa. Saitinku cikakke mutum bakwai ko takwas yake ci, kuma ƙararrawa ba kamar kwaya ba ce da in alto ɗaya bai zo ba sauran za su rufe, a nan in mai D da E bai zo ba to babu D da E a waƙar gaba ɗaya, rami ne kowa zai ji.

Ranar da na gane haka wata Alhamis ce, ana saura kwana uku a yi bikin godiya, uku daga cikin yarana suka tafi jana'iza ƙauye. Da dare na zauna da waya na sayi wata tsohuwar waƙar sujada da aka tsara wa ƙararrawa takwas, irin waɗanda muke rerawa da Hausa tun muna yara, katin nairana ya ƙi sai da na kira ƙanena ya biya da nasa na dala, minti biyar sai ga fayil a imel. Da safe na kai shagon kwamfuta na bakin titi aka fitar mini, Juma'a da Asabar muka yi ta koyo a ƙarƙashin bishiyar mangwaro saboda zumuntar mata sun riƙe cikin coci, Lahadi yara huɗu suka tsaya. Da suka kai baiti na biyu sai na ji wata tsohuwa a benci na gaba ta kama rerawa a hankali, sai na kusa da ita, kafin a gama rabin majami'a na bi. Ni da ke kaɗa musu hannu sai da na juya fuska gefe. Har imel na tura wa mai waƙar ina tambayar wata alama da ban gane ba a layi na 17, washegari ya amsa da kansa, ya ce ka ɗora babban yatsa a jikin ƙararrawar ka kaɗa, sautin zai fito a gajarce. TD ake rubuta ta, yanzu na sani.

Wani abin kuma, mu nan da solfa muka tashi, do re mi, takardun ƙararrawa kuwa duk a layi biyar suke. Abin da nake yi shi ne kowane yaro da kwafinsa, in zagaye notar hannun dama da jan biro ta hagu da shuɗi, a tsarin da aka saba ma hannun hagu ne ke riƙe notar da ke tsakanin layi, dama kuma wadda ke kan layi, to yaro ko bai iya karatun nota ba yana ƙirga ɗaya biyu uku huɗu yana jiran kalarsa. Takardar da ka fitar da kanka ba ka jin ciwon ɓata ta da biro, ta yage ko ruwa ya taɓa ta ka sake fitar da wata a madadinta. Amma ki karanta lasisin, ba wai don PDF ne ya zama na kowa ba, na Choraegus na cikakkiyar ƙungiya kwafi 15 ya yarda ki riƙe, wasu ƙasa da haka, kuma ki duba abin da suka ce kan ɗora bidiyo a Facebook ko YouTube, wasu sun yarda in dai za a rubuta sunan waƙa da na wanda ya tsara. Sai ƙaramin abu guda, takardar Amurka ba A4 ba ce, ta fi faɗi ta fi gajarta, ki ce wa yaron shago ya daidaita shafin ya shige kafin ya danna, in ba haka ba zai yanke miki gefe ki rasa ƙarshen layi, kuma ki roƙe shi kada ya yi miki da tawadar da ta kusa ƙarewa.

Bugaggen fa? To takardarsa ta fi kauri, bugun ya fi fita tas, an tace shi sosai kuma suna da waƙoƙi masu yawa, wannan ba zan hana su ba. In kina da mai zuwa daga waje da zai saƙa miki a jaka ba laifi. Iyakar yabon da zan iya ke nan.

Ki kuma lura da matakin wuya. Ƙungiyar masu kaɗa ƙararrawa ta Amurka, wadda aka kafa a 1954, yanzu ana ce mata Handbell Musicians of America, ita ta fitar da tsarin mataki 1 zuwa 6 kuma kusan kowa da shi yake aiki, manya da ƙanana. Ki tsaya a 1, in sun kama ki je 2, kada bidiyon da masu wallafar suke sawa na gwaji ya ruɗe ki, waɗancan mutanen sun shekara ashirin suna abu ɗaya, za ki ga mutum biyu riƙe da ƙararrawa huɗu huɗu kamar wasa. Ki yi rajistar wasiƙar labaran ƙananan masu wallafar ta imel, kyauta ce, nan suke sanar da sababbin waƙoƙi da ragi, wani sa'in har da ta kyauta, kuma na Kirsimeti tun da damina suke fara fitowa, lokacin ya kamata ki zaɓa ba Nuwamba ba.

Ba ki tambaya ba amma sai na faɗa, ki yi hankali da masu tallan "waƙoƙin ƙararrawa ɗari biyar" a WhatsApp da Telegram a kan kuɗi kaɗan. Wani abokina ya biya, abin da aka turo masa hotunan takardu ne a karkace, wasu babu shafin ƙarshe, wasu da hatimin cocin wasu mutane a jiki, rabi ma na piyano ne aka canza wa suna, ba jerin ƙararrawa a sama ba komai. Kayan sata ne, kuma wanda ake sata wa ba wani katafaren kamfani ba ne, mutumin nan ne mai amsa imel da kansa. Haka masu cewa za su cika miki saiti zuwa oktef uku da araha, kada ki tura ko sisi sai sun yi bidiyo suna kaɗa kowace ɗaya kusa da manhajar gwada sauti a waya. Ta gaske harshenta gaba da baya kawai yake tafiya, akwai abin da ke riƙe shi kada ya kwanta a jikin tagullar, ba ya lilo ko'ina kamar ƙararrawar firamare. Masu ƙera na kirki ba su da yawa, Malmark da Schulmerich duk a Pennsylvania suke, tsohon gidan Whitechapel na Landan kuma ya rufe ƙofarsa a 2017, to wanda ya ce miki yana da sababbi fil kwali kwali a farashin tukunya ki tambaye shi daga ina. Kuma ko na gaske ne ba a cika son gauraya na kamfani biyu a saiti ɗaya ba, muryarsu ba iri ɗaya ba ce.

Saboda haka ki sayi biyu kawai yanzu, ɗaya ta ƙararrawa takwas ɗaya ta oktef 2 mataki na 1, duk biyun waƙar da yaran suka riga suka sani a baki, kada ki tara goma. Ki ɗauko mafi girma da mafi ƙanƙanta a akwatin ki ɗauki hoton abin da aka rubuta a hannunsu ki turo nan, domin in tsofaffin na Ingila ne za ki ga lamba kafin harafi, irin 15C, lissafinsu daban ne, sai in taya ki daidaita shi da na takarda kafin ki biya. Kuma ki sai wa yaran safar hannu ko ta auduga ce ta kasuwa, gumin hannu yana dusar da tagulla.