Takunkumin 3M 6200 ga masu fentin mota da walda: ya ci kuɗinsa, amma da sharaɗi

A wasu garejojin fenti na Maradi, yaran shago na fesa mota da tsumma ɗaure a hanci, ko ɗan shuɗin takunkumin asibiti. Ko ɗaya ba ya tare tururin fenti da na tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi. Hukumar binciken sankara ta duniya, IARC, mai mazauni a Faransa, ta sanya aikin fenti cikin sana'o'in da aka tabbatar suna jawo sankara tun 1989, ta ƙara hayaƙin walda a 2017. Sankarar huhu da ta mafitsara kan ɗauki shekaru 20 ko fiye kafin su bayyana, lokacin da maigida ya riga ya bar wa yaransa shago. Shi ya sa ba a danganta ciwon da aikin, kuma wannan ne ya fi damun mu.

Takunkumin 3M 6200 na roba ne, yana rufe hanci da baki zuwa haɓa. Lamba 6200 matsakaici ne, 6100 ƙarami, 6300 babba. Jikinsa na da ƙarko, ana wanke shi da ruwa da sabulu bayan an cire matatun da ke tace iskar da ake shaƙa.

Aikin duka yana ga matatun nan biyu na gefe. Mai fenti ya nemi matata lamba 6055 mai alamar A2 da zanen ruwan ƙasa. Gawayin cikinta ne ke shanye tururi. A kanta a ɗora audugar 5935 da murfin 501, don feshin fenti kada ya toshe gawayin. Mai walda kuwa 2135 mai alamar P3 ce tasa. Musanya su kuskure ne babba: P3 na kama hayaƙi da ƙura, tururi kuma ya ratsa ta.

Inda ake faɗuwa shi ne gawayin yana cika. Zafin Afrilu da laimar damina na rage masa kwana, kuma ko a rataye a bango yana ci gaba da shan warin shago. Bayan aiki a cire matatun, a rufe su cikin leda. Kada a jira sai an ji wari kafin a canza, domin sinadarin benzin, mai jawo sankarar jini, na wuce kima kafin hanci ya kama shi. A duba ranar ƙarewa a fakiti, a ƙi wanda aka riga aka buɗe.

Kowace safiya a danne matatun da tafin hannu a ja numfashi. In robar ta manne a fuska, ya zauna. In iska na shiga ta gefe, a ja igiyoyin. Gemu mai yawa na hana shi zama, kuma babu dabarar da ke gyara wannan.

Gazawarsa biyu. Fentin da ake haɗawa da ruwan taurarawa yana buƙatar takunkumi mai kawo iska ta tiyo, 6200 bai wadatar ba. Sannan bai kare fata: mai wanke hannu da fetur na shigar da benzin ɗin da ke cikin fetur jikinsa kai tsaye. Sai a haɗa da safar hannu ta robar naitiril, a wanke da sabulu.