Jirgin haɗaka ko na shata: abin dubawa kafin a kai iyali kamun kifi tsakiyar teku

Masu tallar fita kamun kifi hoto guda suke sawa gaba: wani ƙato yana murmushi, rungume da kifin da ya kusa kai shi tsawo. In da iyali za ku tafi, kada wannan hoto ya yanke muku shawara. Mai yanke ta shi ne mafi rauni a cikinku, ko autan gida ne ɗan shekara shida, ko kaka mai ciwon gwiwa, ko wanda mota ma ke sa shi amai. Abin da zai iya jurewa shi ne iyakar tafiyar.

Zaɓin farko jirgi ne. Akwai na haɗaka, babba, inda kowa ke biyan kuɗin gurbinsa, ku tarar da mutum 20 ko fiye sun jeru da sandunan fatsa. Ya fi sauƙin kuɗi, girmansa na rage tangaɗi, kuma galibi akwai banɗaki da inuwa. Aibinsa shi ne ba ya juyowa saboda ɗanku. Yaro ya fara amai awa ɗaya da tashi, haka zai yi ta fama har lokacin da aka sayar wa sauran fasinjoji ya cika. Ga kuma ƙugiyoyin baƙi na lilo ta kowane ɓangare, daidai tsayin fuskar yaro.

Na shata naku ne ku kaɗai, sai kyaftin da mataimakinsa. Yana da tsada, kuma da yake yawanci ƙarami ne, ruwa ya fi wasa da shi. Amma da kuɗin nan kuna sayen ikon cewa "mu koma", ko a matsa kusa da gaɓa inda ruwa ya kwanta. Ga masu ƙananan yara, a fitar farko, ni dai na shata nake zaɓa, ko da za a rage awoyi don kuɗin ya isa. Rabin yini, awa 4 zuwa 5, ya wadatar. Cikakken yini na kai ku nesa, kuma nisan da aka yi a tafiya shi za a sake yi a dawowa, komai halin da wani ke ciki. Ku tambaya ko akwai banɗaki da rufi, don jirage masu buɗaɗɗen sama da yawa ba su da ko ɗaya. Katamaran, mai gindi biyu, bai cika mirginawa gefe da gefe kamar mai gindi ɗaya ba.

Salon kamun ma zaɓi ne. Jan ƙugiya a bayan jirgi yana tafe shi ke kawo manya irin su tuna, amma ana iya shafe awoyi ba ko motsi, yara kuwa ba su san wannan haƙurin ba. Zura ƙugiya ƙasa jirgi na tsaye ya fi yawan kamu, kifayen daidai ƙarfin hannunsu, sai dai jirgin da ya tsaya ya fi rangaji.

Kafin ku ba da kafin alƙalami, ku nemi ganin lasisin kyaftin da takardar inshora. Ku tambayi ko akwai rediyon VHF, wanda tasharsa ta 16 ita ce ta neman agaji a duniya baki ɗaya, da na'urar EPIRB mai aika kiran ceto ta tauraron ɗan'adam a mita 406 megahaz. Wayar hannu kan ɗauke da an yi nisa da gaɓa. Kyaftin na gari daɗin irin waɗannan tambayoyi yake ji. Wanda ya fara ƙosawa ya riga ya ba ku amsa.

Rigar ceto ce wurin da bai kamata a yi tsumulmula ba. Jirgin haya na ɗauke da nasa, amma sau da yawa manya ne, jibge a akwati, ba wanda ke sawa. Ta yaro gara ku saya ku zo da ita. Ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO 12402 ya kasa rigunan gida huɗu bisa ƙarfin ɗaga mutum a ruwa: 50, 100, 150 da 275, ana rubuta harafin N a ƙarshen lambar. Mai lamba 50 ta wanda ya iya iyo ce a kusa da gaɓa, ba ta juya wanda ya suma. Mai 100 ta ruwa mai kwanciya ce. Mai 150 aka yi domin tsakiyar teku, an tsara ta ta birkito mutum fuskarsa sama ko da ba ya cikin hayyacinsa. Mai 275 ta masu aiki da kaya masu nauyi ce, ta wuce buƙatarku.

Sai kuma ko ta soso ko mai hura kanta. Mai hurawa siririya ce, ba ta takura, shi ya sa babba ke yarda ya wuni da ita a jiki. Ƙaramar tukunyar iska ke kumbura ta, wata da kanta in ta jiƙe, wata sai an ja igiya, kuma tana son dubawa lokaci-lokaci.  Ta soso tana da zafi da kauri, amma ba abin da zai ƙi tashi a cikinta. Ita za ku saya wa yaro, mai abin wuya da ke tallafe kai, da maɗauri tsakanin ƙafafu. Da nauyinsa ake zaɓa, ba da shekaru ba, kuma ba kayan makaranta ba ce balle a ce zai girma ya cike ta. A shagon ku ɗaura masa, ku kama kafaɗun rigar ku ɗaga. In ta haura kunnuwansa, ta yi yawa.

Maganin jirin teku kafin tashi ake shan sa, bayan amai ya fara ba ya tsinana abin kirki. Ƙwayoyin dimenhaidirinet da mekilizin ana sha kamar awa ɗaya kafin hawa, kuma suna sa barci. Filastar sikofolamin ana manna ta bayan kunne aƙalla awa 4 kafin tafiya, tana kai kwana 3, amma ba ta ƙananan yara ba ce, mai hawan jinin ido ma sai ya kiyaye. Likita zai faɗi wanda ya dace da kowa, kuma yana da kyau a gwada a gida tukuna. Awarwaron da ke danna jijiyar hannu ba ya cutarwa, amma ban dogara da shi kaɗai ba. A cikin jirgi, a zauna tsakiya, a iska, ido na kan inda sama ta haɗu da ruwa, nesa da hayaƙin inji.

A hasashen yanayi mutane tsayin igiyar ruwa suke dubawa, su manta tazarar da ke tsakanin wata da wata. Igiya mai mita ɗaya da ke bugowa duk daƙiƙa 5 ta fi wahalarwa a kan wadda ta ɗara ta tsayi amma take zuwa duk daƙiƙa 12. Don haka ku karanta ƙa'idar fasa tafiya kafin biya: in kyaftin ya fasa, ana mayar da kuɗi? In ku ne kuka ga ruwan ya fi ƙarfin yaranku, ana sauya rana? Da mugunyar rawa gara ƙin tashi.

Sauran kayan ba su da wuyar zaɓi. Takalmi rufaffe mai ƙasan roba ya fi silifas. Tabarau na tare hasken ruwa, yana kuma tare ƙugiyar da ta kufce. Man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama, a sake shafawa duk awa 2. Ku roƙi mataimakin kyaftin ya ɗaura wa yara ƙugiya mai lanƙwasa ciki, ya danne ƙayarta da filaya, ya ajiye masu baki uku. Kuma wani da ke tudu ya san sunan jirgin, inda kuka nufa, da ƙarfe nawa za ku dawo.