Boxer 100 a doguwar hanya: abin da ke tsayar da shi da yadda ake tada shi

Duk wanda ya tsaya a bakin titi a Sakkwato ya ƙirga mashinan 'yan kabu-kabu zai ga Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya ya fi yawa. A cikin gari ba a gardama a kansa. Abin da muke son aunawa shi ne halinsa a doguwar tafiya, kamar Sakkwato zuwa Illela ta Kware da Gwadabawa, kimanin kilomita 85, ko Sakkwato zuwa Gusau ta Talata Mafara, sama da kilomita 200, musamman a lokacin da ya mutu a inda babu bakanike. A ganinmu darajarsa ke nan: kusan duk abin da ke tsayar da shi, mutum ɗaya zai iya gyarawa a ƙarƙashin bishiya, in dai ya taho da kayan aiki. Matsalar kuwa, kayan da ake ba ka tare da shi ba su isa ba.

'Yar jakar da ke zuwa da sabon mashin ba ta wuce sifanar fulogi, sukundireba da ƙananan sifanu. Babu liba, wato ƙarfen ɗaga gefen taya, babu famfo, babu faci. Ka ƙara sifana mai lamba 8, 10, 12, 14 da 17, filaya, liba biyu, famfon hannu, da sifanar da za ta kwance notin ƙafar baya. Wannan ta ƙarshe ka gwada ta a gida kafin ranar tafiya, don sau da yawa bakanike yana ɗaure notin da dogon ƙarfe, gajeriyar sifana ba ta motsa shi.

Taya ce ke fara kayar da mutum. Ƙafafun Boxer inci 17 ne, na sifok, masu tub a ciki, shi ya sa idan ƙusa ko ƙayar aduwa ta shiga, iskar ba ta jira. Wannan rauni ne idan aka kwatanta da taya marar tub, wadda ke saki a hankali. Amma tub yana da nasa amfanin, domin kowane mai faci a ƙauye ya san shi, kuma ba sai an cire ƙafa ake yi masa faci ba. Ka ɗora mashin a kan tsayuwar tsakiya, ka kwance notin bawul, ka danna gefen tayar ya rabu da rim, sannan ka ɗaga gefe ɗaya da liba, kana farawa daga kusa da bawul. Kada ka zura liba da zurfi, nan ne ake cizon tub a mayar da huda ɗaya ta zama uku. Ka zaro tub, ka hura masa iska, ka nemo wurin da ruwa kaɗan ko da yawu. Ka goge wurin da sanfefa har ya daina sheƙi, faɗin da ya fi facin, ka shafa sholisho siriri, ka bar shi minti 3 zuwa 5 har ya daina kama yatsa. Gaggawa a nan ita ce ke sa faci ya ɗaye bayan 'yan kilomita idan kwalta ta yi zafi. Kafin ka mayar, ka zagaya cikin tayar da yatsa a hankali. Ƙaya kan karye ta bar tsininta a ciki, ba a ganinsa daga waje, sai ta sake huda wurin da aka gyara.

Akwai fashewar da faci ba ya yi mata magani: tub ya yage a gindin bawul. Rashin isasshiyar iska ke kawo ta, tayar ta riƙa zamewa a kan rim tana jan tub har bawul ya tsinke. Idan ka ga bawul ya karkace maimakon ya tsaya cak, an kusa. Don haka sabon tub ɗaya ya zama dole a jaka, mai lambar da ke rubuce a jikin tayarka. Iska kuma a auna ta da geji da safe kafin taya ta ɗau zafi: a ma'aunin PSI, wajen 25 a gaba, 28 a baya, 32 idan da goyo ko kaya. Masu buga taya da ƙafa su ce ta yi, su ne abokan cinikin mai faci.

Idan inji ne ya mutu, kada ka fara da kwance kafireta. Ka tuna yadda ya mutu. Wanda ya yi ta shaƙewa yana ja yana saki kafin ya tsaya, mai ne. Wanda ya ɗauke lokaci guda kamar an kashe makulli, wuta ce.

A ɓangaren mai, ka zare tiyon da ke shiga kafireta ka ga ko fetur na zuba sosai. In yana ɗiga ne kawai, buɗe murfin tanki; idan ka ji iska ta shige kuma man ya kwararo, ƙaramar kafar numfashin murfin ce ƙura ta toshe. In mai na zuwa, to a ƙasan kafireta akwai sukurun zubarwa. Ka sassauta shi, ka tari abin da ya fito a murfin gora, ka duba da kyau. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi ya kwanta a ƙasa kamar ƙwayar idon kifi. Wannan ya fi faruwa ga mai shan man bumburutu a kwalba a bakin hanya, kuma dalilin da ya sa mashin ke mutuwa jim kaɗan bayan an juya shi rizab, wato man ajiya na tanki, ke nan, saboda rizab daga gindin tanki yake ja, inda ruwa da dauɗa suke taruwa. A nan Boxer ya cancanci yabo: kafiretarsa a fili take, sukundireba ɗaya ya isa. In ya zama dole ka sayi man kwalba, ka tace shi da kyalle mai tsabta.

A ɓangaren wuta, ka cire fulogi, ka mayar da shi cikin hularsa, ka jingina ƙarfensa da jikin inji, ka buga kik. Shuɗiyar wuta mai ƙara ake nema. In babu, sa sabon fulogi ka sake gwadawa. In har yanzu babu, duba hular, domin wayar takan sassauta a cikinta, a yanke ɗan bakin wayar a sake murɗa ta. Launin fulogin ma labari ne. Baƙi mai toka yana nufin mai ya fi iska yawa, kuma a lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, kusan kullum soson iska ne ya cika da ƙura. Fari fat kuwa yana nufin inji na zafi fiye da kima. Tazarar bakin fulogi kada ta wuce milimita 0.7 ko kusa da haka. Kuma a kula da inda ake saye, jabun fulogi sun cika kasuwa, kwalinsu kamar na gaske.

Rufin sarƙar Boxer yana da kyau ga ƙasarmu mai yashi, yana tsawaita ranta ƙwarai. Aibinsa shi ne yana ɓoye ta, mutum ba ya tunawa da ita sai ya ji tana dukan rufin. Akwai ƙaramar kafa mai murfin roba a jikinsa; ta nan za ka taɓa sarƙar, wasanta sama da ƙasa ya zama santimita 2 zuwa 3. Ka riƙe mahaɗin sarƙa guda biyu, mai lamba 428, kuma in za ka sa makullinsa, rufaffen bakin ya fuskanci inda sarƙar ke tafiya, in ba haka ba zai fita. Wayar kuloci kuwa kusan kullum a wajen hannu take tsinkewa, kuma tana yin gargaɗi: hannun ya yi tauri, zare ɗaya ko biyu su tashi. Ɗaure sabuwa a jikin tsohuwar da salatif tun daga gida, sauyin ba zai ɗauki minti 10 ba.

Inda ba za mu yi wa mashin ɗin kara ba shi ne zafi. Injin ƙarami ne, iska ce kaɗai ke sanyaya shi, baƙin man da yake ɗauka kusan lita 1 ne kacal, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu. Mutum biyu da buhu a baya, a murɗe shi har ƙarshe na tsawon awa guda, fistin zai iya kamewa, kuma wannan ba gyaran bakin hanya ba ne. Ka tsaya a gudun 60 zuwa 70, ka sa mai 20W50 sabo kafin tafiya, ka riƙe rabin lita, ka duba sandar awo duk inda ka huta. In ka ji ƙarfi ya ragu kuma inji na wani ƙara kamar ana kaɗa ƙarfe, kama kuloci nan take, ka sauka gefe, ka ba shi rabin awa a inuwa. Kada a watsa masa fiya wata, ƙarfe mai zafi yana iya tsagewa.

Fitilarsa ma ba ta doguwar hanya ba ce, ba ta hango rami da nisa. Da wannan da halin tsaro a wasu hanyoyin gabashin jihar Sakkwato, wajen Isa da Sabon Birni, tafiyar ta zama ta safe, yadda ko an ɓata awa biyu a gyara za a isa kafin la'asar sakaliya. In gyara ya gagara aka sami mai ja, kada a ɗaure igiya a mashin ɗinka. A naɗa ta sau ɗaya a tsakiyar kan mashin, ka danne bakinta da hannu a kan mariƙi, yadda da ka buɗe hannu za ta sake, kuma mai jan kada ya wuce gudun 20.