Rage nauyi ko canza ƙafar gaba, wanne za a fara?

Mutumina mai Marsandi 190 ta tsere, da ka ce ko ka fara rage mata nauyi ko ka zuba kuɗin a shokobsoba da sifirin na gaba, amsata guda ce, fara da nauyi. Kuɗin nan ka mayar aljihu tukuna.

Ni ma Marsandi 190 ce a hannuna. Wata Asabar muka shigar da ita garejin bakanikena a Tudun Wada, muka aro sikelin nan mai ƙugiya na masu auna masara, duk abin da aka kwance sai an rataya an ga kilonsa, yaron gareji yana rubutawa da gawayi a bango kamar mai bin bashi. Kujerar baya, kujerar mai zaman banza, safaya taya da jak, kafet, manyan sifikun da na cusa a but lokacin ƙuruciya na kai, sai baƙin abin nan kamar kwalta da kamfani ke mannawa a ƙasan kafet don hana ƙara, shi kaɗai ya ci mana daga azahar har la'asar ana ƙanƙara. Esi ne ya fi min ciwo wallahi, na daɗe tsaye ina kallon kwamfiresan a ƙasa ina tuna zafin watan Afrilu a Zariya, bakanike ya ce oga ko a mayar ne, na ce a'a bar shi. Da aka haɗa lissafin bango mun haura kilo 100, kuma ban kashe komai ba sai kuɗin aiki da na shayi.

Masu tseren mota a miƙaƙƙen layi a Amurka suna da wani lissafi da suka daɗe da shi, duk kilo 45 da ka cire kamar ka rage kashi ɗaya cikin goma na sakan ne a nisan mita 402. Za ka ce ɗan wannan? To a gudun da ake ƙarasa layi, kashi biyu cikin goma ya fi tsawon mota guda. Ranar da na fara taka ta bayan aikin nan sai da na yi dariya ni kaɗai, giya biyu ta cika tun kafin in shirya, birki ma ya ƙara kamawa.

Sai dai ka lura, 190 da baya take ja, in ka kwashe bayan kaɗai ka bar gaba da nauyinsa taya za ta riƙa juyawa a wuri ɗaya tana hayaƙi, abokin karawarka ya tafi ya bar ka. Shi ya sa na mayar da batir cikin but, da waya mai kauri da fiyus, aka ɗaure shi tam da ƙarfe. Kuma kar ka zo layi da tanki cike, lita 55 na fetur ya kai kilo 40.

Shokobsoba kuwa, to, yana aiki, ba zan ce ba ya yi ba. Irin wanda ake kira 90/10 ɗin nan yana barin gaba ya ɗaga da sauri ya sauka a hankali don nauyi ya koma kan tayoyin baya, amma sai injin da ke da ƙarfin ɗaga gaban ne zai ci moriyarsa, kuma a titi motar lilo take yi kamar kwalekwale. Masu Civic da Golf da ke karantawa kar ma ku fara, naku da gaba suke ja, akasin haka kuke nema. Sannan in ka sayi sifirin yau ka rage nauyi gobe, gaban zai tashi sama, ka koma neman wani sifirin da sabon alaimen, asara biyu kenan.

Ba ka tambaya ba amma bari in faɗa maka, ni an taɓa yi min. Wani mai kayan gyara ya turo hoton shokobsoba a WhatsApp, ja jawur da sitika, ya ce na tsere ne daga waje, na tura kuɗi aka sako min a mota. Sati biyu ya fara zubar da mai, da muka kankare fentin da sukundireba sai ga tsatsar tsohon ɗan Beljiyam a ƙasa, na kira lamba a kashe har yau. In ka tashi saye ka riƙe shi a hannu, na gaskiya yana miƙewa da sauƙi in ka ja amma danna shi sai da ƙarfi, in duka biyun ɗaya ka ji to na gama-gari ne aka yi wa kwalliya. Ka shinshina ma, sabon fenti ba ya ɓuya.

Birki da bel ɗin kujera da ƙarfen jikin mota kar wanda ya taɓa maka su da sunan rage nauyi, ko mai walda ya rantse. Gwaji kuma a fili rufaffe, ba a hanyar Kano tsakanin tireloli ba. In ka shirya ka shigo Tudun Wada ranar Asabar, sikelin yana nan ba mu mayar wa mai shi ba.