TVB ko ViuTV: Wace Tasha Ta Fi Riƙe Mai Kallo?

Duk mai bibiyar wasannin kwaikwayo na harshen Kantonis ya san gardamar da ake yi a Hong Kong kan waɗannan tashoshin talabijin biyu. TVB ce uwar gida. Tun 1967 take aiki, kuma ajin horar da 'yan wasa da ta buɗe a 1971 shi ya yaye su Chow Yun-fat da Andy Lau da Tony Leung. Gwanintarta tana wajen labarin gida: rigimar gado, uwar miji da suruka, 'yan sanda da lauyoyi. Sai ka ga iyali sun kewaye tebur, uwa tana zuba miya tana yi wa ɗanta faɗa, kai ma ka ji kamar da kai ake. Aibinta, wanda masoyanta ma ke ƙorafi a kai, shi ne maimaici. Fuskokin nan dai, ƙarshen labarin ma ka san shi tun kafin a yi nisa.

ViuTV kuwa amarya ce, a 2016 ta fara, 'yan kwanaki bayan rufe wata tsohuwar tashar talabijin mai suna ATV. Shirye-shiryenta ba su cika tsawo ba, hirar 'yan wasan ta fi kama da yadda matasa ke magana, gasar da ta shirya a 2018 kuma ta haifar da ƙungiyar mawaƙa ta Mirror.

Ni dai TVB nake so har zuciya, domin tsofaffin 'yan wasanta sun iya sa mutum hawaye da kallo ɗaya. Amma wanda ya gaji da rigimar gado, ViuTV ta fi dacewa da shi.