Kafin ka kashe kuɗinka wajen gane furannin rawaya na Fulorida

Wani ƙanena da ya zo karatu garin Gainesville a jihar Fulorida ta Amurka ne ya turo min hoton fure ruwan ɗorawa wai yaya meye sunan wannan, kuma wace manhaja zai biya ta riƙa gaya masa. Na ce masa ya riƙe kuɗinsa tukuna. Furen rawaya a Fulorida wallahi kamar fararen kaya ne ranar idi, daga nesa duk iri ɗaya, sai ka matso.

Nima da na zo manhajar kuɗi na fara ɗauka, irin wadda za su ce ka gwada kwana bakwai kyauta amma ka saka katinka. Ba zan kama suna ba. Tana da kyaun gani, amsa nan take, kuma ko ba ta sani ba sai ta ba ka suna ɗaya da ƙarfin hali kamar ɗan kasuwar da baya cewa babu. Ga shuke-shuken tukunya da na gaban gida tana ƙoƙari gaskiya, har ta faɗa maka yaushe za ka ba su ruwa. Amma ranar da na nuna mata wani ɗan fure a gefen fadama sai ta ba ni sunan furen da ake sayarwa a shago, sannan na manta ban soke ba suka zare kuɗin shekara. In ciyayin daji kake nema wannan ba taka bace.

Na kyautan sun fi. iNaturalist ita nake buɗewa kullum, ta faro ne a 2008 a jami'ar Berkeley, kuma abin da ya bambanta ta shine bayan na'ura ta yi hasashe mutane ne ke zuwa su duba, wasunsu masana tsirrai ne na gaske, sai aƙalla mutum biyu sun yarda kafin sunan ya zauna. Wani lokaci amsa cikin minti goma, wani lokaci ka yi wata kana jira, sai haƙuri. Ƙanwarta Seek ba ta son rijista kuma tana aiki ko babu sabis, wanda ba ƙaramin abu bane in ka nutsa cikin daji. Ita in ba ta tabbata ba sai ta tsaya a sunan dangi, ni kuwa wannan ya fi min ƙaryar waccan. Pl@ntNet ta cibiyoyin binciken Faransa ce, za ta tambaye ka hoton ganye ne ko fure ko 'ya'ya. Google Lens kuwa na mai sauri ne kawai.

To amma duk cikinsu babu wadda za ta raba ka da matsalar dangin sunfulawa. Coreopsis, wanda jihar ta ɗauka furenta na daji a 1991, da Helianthus ɗin fadama da ke rufe bakin tafkin Jesup wajen Oktoba, da Chrysopsis da Pityopsis na kan yashi, hoton fuska ɗaya baya raba su. Sai ka juya furen ka ɗauki ƙeyarsa, ka ɗauki ganye, ka taɓa ka ji gashi ne ko santsi. Pityopsis ganyensa kamar ciyawa ne mai sheƙin azurfa, da ka gani sau ɗaya shikenan.

Shi yasa abin da na ce wa yaron ya fara saya shine ɗan gilashin ƙara girma mai ninki 10, irin na masu duba gwal, ka rataya a wuya. Kar ka ruɗu da mai ninki 30, hannu na rawa ba abin da za ka gani. Xyris misali, ɗan fure mai kunne uku da ke leƙowa daga wani kai mai ɓawo-ɓawo a ƙasa mai danshi, gane cewa Xyris ne ba wuya, amma wanne ne cikinsu sai da gilashi. Hypericum ma haka, kunne huɗu ko biyar da tulin zare a tsakiya, irinsa da yawa a jihar, har akwai wanda a duniya sai a jigawar Lake Wales kawai yake fitowa.

Littafi kuma, in za ka saya ka duba abu biyu. Ya zama na Fulorida ne, kar ka ɗauko na Amurka gaba ɗaya rabinsa furannin tsaunuka ne da ba za ka taɓa gani ba. Sannan tsarinsa, wanda aka jera bisa launi ya fi wa sabon shiga sauƙi sai dai sashen rawaya ne ya fi kauri za ka yi ta juya shafi, ni na fi son wanda aka jera bisa wurin da abin ke fitowa, fadama daban, jigawa daban, dajin bishiyar fayin daban, don inda ƙafarka take ya riga ya kore rabin amsoshin. Furen da ke tsaye kan ruwa babu ganyen kirki, kamar Utricularia mai kama ƙananan ƙwari da 'yan jakunkunanta a ƙarƙashin ruwa, ai ba za ka neme shi a farin yashi ba. Littafin ko na hannu ne ya isa, ka dai tabbatar da sunan a taswirar tsirrai ta jami'ar Kudancin Fulorida a intanet, kyauta ce, tana nuna gundumar da aka taɓa samun kowanne.

Ragowar kuɗin ka sayi takalmin roba dogo, akwai maciji da kada, kuma kar ka tsinki komai a gandun gwamnati, doka ta hana.

Hoton da ƙanen nawa ya turo kuwa, a bakin titi ya ɗauka, na faɗaɗa shi na ga ganye bibbiyu da doguwar kwafsa siririya. Tafasa ce. Ita dai tafasar da ake mana kwaɗo a gida, nan ciyawar gona suke ɗaukarta suna fesa mata magani.