Mayafin Alharini Daga Masaƙar Mahdiyya

Na sayi wannan mayafi a wani ƙaramin shago da ke tsohon garin Mahdiyya, a gaɓar tekun Tunisiya, bayan an wuce babbar ƙofar shiga garin da ake kira Skifa Kahla. Garin, wanda sarakunan daular Musulunci ta Fatimiyawa suka mayar da shi babban birninsu a shekarar 921, ya yi suna wajen saƙar alharini da hannu, kuma masaƙin yana zaune a cikin shagon, ƙoshiya na kai da komowa a gaban mai saye. Sunan alharini ma ba baƙo ba ne a wajenmu, domin daga kalmar Larabci ta "harir" muka samo shi.

Saƙar ta yi ƙarfi, babu zaren da ya fita layi, ratsin ja da baƙi kuwa sun zauna daram, har launin yakan sauya kaɗan idan rana ta haske shi. Aibinsa biyu ne: santsi yana sa ya zame daga kai sai an maƙala allura, sannan zaren zinariyar da ke bakinsa yana ɗan kartar wuya. Kuɗinsa ya fi na mayafin inji nesa, amma bayan wanki uku da ruwan sanyi bai koɗe ba.